Darasin Timbuktu: Abin Yi da Abin Bari Idan Yaƙi Ya Doshi Kayan Tarihi

A 2012 mayaƙan Ansar Dine suka mamaye Timbuktu, suka sa diga da gatari suka rushe ƙubbobin waliyyai, suka ɓalle ƙofar masallacin Sidi Yahya. Da za su gudu a Janairun 2013, suka cinna wuta a Cibiyar Ahmad Baba, littattafan rubutun hannu sama da 4,000 suka salwanta. Amma dubu ɗaruruwa sun tsira. Ga abin da ya kamata mu koya.

Kada ku jira sai kun ji ƙarar bindiga a ƙofar gari. A Timbuktu, Abdulƙadir Haidara da sauran waɗanda suka gaji ɗakunan karatu na iyalansu sun fara kwashe littattafai tun mayaƙan ba su waiwaye su ba. Da dare ake shirya su cikin akwatunan ƙarfe, a rarraba gida-gida, sannan a bi da su ta mota da kwale-kwale a kan kogin Neja har Bamako. Samari ne suka yi dakon, suna ratsa shingen masu bindiga da ransu a hannu.

Ku kame bakinku. Wanda bai ɗauki akwati ba, ba ruwansa da inda aka kai shi.

Ku ɗauki hoton kowane shafi da kowane tulu, ku rubuta na wane ne, daga ina ya fito. Kayan sata da ba su da shaida, ko an gan su a kasuwar Turai, da wuya a karɓo su.

Kada ku ce an tsira don an bar fagen fama. Takardar da ta shekara ɗaruruwa a busasshiyar iskar Sahara ta tarar da laimar Bamako, sai da aka tashi tsaye don kada ta yi fumfuna. Gara da danshi ma ɓarayi ne.

Kai soja, kada ka kafa sansani a kufai ko gidan tarihi, kada ka girke bindiga a kan tsohuwar ganuwa. Yarjejeniyar duniya ta 1954 kan kare kayan tarihi a lokacin yaƙi ta hana, kuma duk wanda ya yi haka shi ya jawo wa wurin harsashi.

Kai mai kuɗi, kada ka saya. An wawashe gidan tarihin ƙasa na Khartum bayan ɓarkewar yaƙin Sudan a 2023 saboda ɓarayin sun san akwai mai jira da kuɗi a hannu. A ganina mai sayen nan ya fi ɓarawon laifi, domin shi yana zaune lafiya, ba yunwa ba tsoro.

Kada wani ya fake da addini. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan gini bisa kabari, da hujja da littafi suke yi, ba da diga ba. Ahmad al-Faƙi al-Mahdi, wanda ya jagoranci rushe ƙubbobin Timbuktu, ya amsa laifinsa a kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, ya nemi gafarar mutanen garin, aka yanke masa shekara 9 a 2016.

In an zo gyara, ku ba 'yan gari. Maginan Timbuktu ne suka sake tayar da ƙubbobin a 2015, da ƙasa da dutse irin na kakanninsu.

Mai karatu, in akwai adakar littattafan kakanka a zaure ko a ƙuryar ɗaki, buɗe ta a makon nan, ka kaɗe ƙura, ka ɗauki hoto.