Famfon Sitiyari: Aikinsa da Yadda Ake Kwance Shi

Idan sitiyarin mota ya yi tauri, ko ya riƙa kuka duk lokacin da aka sha kwana, sau da yawa laifin famfon sitiyari ne, ko bel ɗin da ke juya shi, ko kuwa mai ya tsiyaye. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, domin direban da ya saba juyi da yatsa biyu yana iya kasa shan kwana a cikin cunkoso.

Aikin famfon ya dogara ne kan ƙa'idar Blaise Pascal, masanin nan na Faransa da ya rasu a 1662, wadda ta ce idan aka matsa ruwan da ke rufe, matsin zai isa kowane ɓangare nasa daidai wa daida. Injin yana juya famfo, famfo ya tura mai ta tiyo, man kuma ya tura fistin da ke taya direba karkatar da tayoyin gaba. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fara sayar da ƙananan motoci masu wannan tsari a 1951. Yawancin sababbin motoci yanzu da lantarki suke wannan aiki, ba su da famfon sam.

Ɗalibin ilimin halittu zai ga kamannin wannan da zuciya. Tiyo ɗaya mai kauri yana ɗaukar mai da ƙarfi daga famfo, kamar jijiyar da ke fitar da jini. Ɗayan mai laushi yana mayar da shi cikin tanki. Bambancin yana wajen ƙarfi: matsin man yakan kai ma'aunin ba 80, na jinin mutum kuwa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ba guda ba. Gizo-gizo ma da matsin ruwan jikinsa yake miƙe ƙafafunsa, shi ya sa idan ya mutu suke lanƙwashewa.

Saboda wannan matsi, ba a taɓa tiyo injin yana aiki. A kashe shi, a bari ya huce, a cire wayar batir mai alamar ragi, sannan a zuƙe man tanki da sirinji. Kafin a sassauta bel, a zana hanyar da ya bi a takarda. Daga nan a cire tiyon dawowa, sai na matsi, wanda notinsa ke bukatar sifana mai rungume shi sosai. Sifana mai buɗaɗɗen baki tana cinye masa kusurwa. A toshe bakin kowane tiyo nan take da abu mai tsabta. Nan ne makanikai da yawa ke sakaci, alhali ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce cikin sabon famfo. Sai a kwance kusoshin da ke riƙe da shi, a zaro shi. Idan za a cire gargaren da bel ke hawa, akwai na'urar jansa. Guduma lanƙwasa shi take yi.

Bayan an mayar da famfo an zuba irin man da kamfanin motar ya ƙayyade, sauran fitar da iska. Iska tana matsuwa, mai kuwa kusan ba ya matsuwa, don haka kumfa ke raunana turin, kamar yadda iska a jijiya ke tare jini. A ɗaga gaban mota da jak, a tokare ta, a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau da dama, ana ƙara mai, har kumfa ta daina tasowa a tanki.