DARASI NA TARA: YADDA A KE DAIDAITA WUTAR INJI BAYAN AN HAƊA SHI

Wata rana da bazara ina zaune a rumfar wani tsohon bakanike cikin birnin Sakkwato, sai na ga abin da ya sa na rubuta wannan darasi. An kawo masa wata mota Peugeot 504, wadda mu ke kira Fijo, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna cikin 1975. Mai ita fasinja ya ke ɗauka tsakanin Sakkwato da Illela, da ita ya ke ci da iyalinsa, har sai da ya sayar da tumakinsa kafin ya sami kuɗin gyaran. Aka sauke inji, aka sa sababbin kaya, babban yaron bakaniken ya haɗa. Aka murɗa makulli, inji ya ƙi tashi, sai tari ya ke yi, yana tofar da wuta ta bakin kafireta.

Tsohon ya ce, "Kai yaro, ka kai fistan na ɗaya bisa kafin ka sa distributa?"

Yaro ya ce, "Na kai shi, Maigida. Ga shaida nan ta yi daidai."

Tsohon ya ce, "A wane hawa?"

Yaro ya yi shiru. To, ya kai mai karatu, amsar wannan tambaya ita ce darasinmu na yau.

HAWA BIYU

A cikin injin irin wannan mota akwai ramuka huɗu, ana ce da su silinda. Cikin ko wane rami akwai wani ƙarfe mai kama da gwangwani, sunansa fistan, yana hawa yana sauka. A bisa ko wane rami akwai ƙofofi biyu, su ne bawul, ɗaya ta shiga, ɗaya ta fita. Wani Bajamushe, Nikolaus Otto, shi ya gyara wannan tsari cikin 1876. Ga yadda ya ke:

1. Fistan ya sauka, ya shaƙo iska da fetur.
2. Ya hau, ƙofofi duka biyu suna rufe, ya matse abin da ya shaƙo.
3. Filogi ya ba da tartsatsi, fetur ya kama, ƙarfin wuta ya tura fistan ƙasa.
4. Ya sake hawa, ƙofar fita tana buɗe, ya kori hayaƙi.

Ka ga ashe fistan hawa biyu ya ke yi kafin ya sha wuta sau ɗaya: hawan matsa da hawan korar hayaƙi. Babban sandan inji, watau karanshaf, sai ya juya sau biyu kana distributa ta juya sau ɗaya. Saboda haka shaidar da ke jikin fuli ta kan zo daidai a hawan nan duka biyu, ba ta iya gaya maka ko wanne ne. Nan yaron ya ɓata. Ya sa distributa a hawan korar hayaƙi, tartsatsi yana zuwa sa'ad da ba abin da aka matse, ƙofar shiga kuwa ta fara buɗewa.

Distributa ita ce mai rabon wuta. Irinta mai aiki da batir da kwayil, wani Ba'amurke, Charles Kettering, ya ƙago ta, aka sa ta a motar Cadillac. Aikinta kamar luguden mata huɗu ne a turmi guda: ko wace taɓarya da lokacinta, in ɗaya ta riga ko ta makara, sai su yi karo.

NEMAN ƘOLOLUWAR FISTAN

Inda fistan ya ke iyaka hawansa, shi mu ke kira ƙololuwa. Ga yadda za ka same ta:

1. Ka san wane rami ne na ɗaya. A yawancin motoci, kamar Land Rover, shi ne na gaba, kusa da fanka. Amma a Peugeot 504 daga baya a ke fara ƙidaya, daga wajen kuloci. Kada ka yi kintace, ka tambaya.
2. Ka fid da mota daga giya, ka ja birkin hannu, ka kashe makulli, ka kwance filogi duka don inji ya yi sauƙin juyawa.
3. Ka sa sifana a kan notin fuli, ka juya sannu a hankali wajen da inji ya saba juyawa. Wani ya toshe ramin filogi na ɗaya da babban yatsa. In ya ji iska tana ture masa yatsa, to, hawan matsa ke nan.
4. In murfin bawul a buɗe ya ke, ga wata shaida kuma. Fistan na ɗaya da na huɗu tare su ke hawa. Sa'ad da na ɗaya ya kai ƙololuwar matsa, bawul ɗinsa duka biyu suna rufe, na huɗu kuwa za ka ga ɗaya tana gama rufewa, ɗaya tana fara buɗewa.
5. Ka ci gaba da juyawa har tsagar da ke jikin fuli ta yi daidai da manuni.

In tsatsa ta cinye shaidar, ko an musanya fuli, sai ka nemi ƙololuwar da kanka. Ka sami sanda siriri mai tsabta, wanda ba ya karyewa, ka zura ta ramin filogi ya dafa kan fistan. Amma ka lura, in fistan ya kusa bisa, ya kan yi kamar ya tsaya ko da ya ke karanshaf yana juyawa, ido ba ya iya rarrabewa. Dabara ita ce wannan: tun fistan bai ƙarasa hawa ba ka tsaya, ka yi zane a jikin sanda daidai bakin rami, ka yi wani da alli a jikin fuli daidai manuni. Ka ci gaba da juyawa, sanda ya hau, ya sauko har zanensa ya komo bakin rami. Ka sake zana fuli. Tsakiyar zanen nan biyu, ita ce ƙololuwa ta gaskiya.

DON ME WUTA TA KE RIGA FISTAN?

Maharbi ba ya auna barewa inda ta ke in tana gudu, gabanta kaɗan ya ke aunawa. Haka fetur: ba ya ƙonewa nan take, sai ya ɗan ɗauki lokaci. Inji kuwa in yana juyi 3,000 a minti, juyi 50 ke nan cikin daƙiƙa guda. Don haka a kan ba da tartsatsi tun fistan bai kai ƙololuwa ba, yadda ƙarfin wutar zai same shi yana fara sauka.

Ana auna wannan rigaye da digiri. Kewayen fuli digiri 360 ne. Tsofaffin motoci da yawa suna son tsakanin digiri 5 da 10, amma ko wane inji da nasa, littafin masu ƙera shi ne zai gaya maka. In fuli ba shi da lambobi, ka auna kewayensa da zare, ka raba tsawon zaren kashi 36, ko wane kashi digiri 10 ne. In gudun inji ya ƙaru, akwai waɗansu ƙananan ƙarafa cikin distributa da ke ƙara rigayen da kansu. Naka aikin shi ne ka kafa mafarin daidai.

KAFA DISTRIBUTA

1. Ka fara gyara ratar kwantak, watau 'yan ƙarafan nan biyu masu buɗewa da rufewa. A yawancin irin waɗannan motoci kusan milimita 0.4 ce. In ka gyara ta daga baya, lokacin wuta zai kauce.
2. Ka komar da inji baya kaɗan, sa'an nan ka kawo shi gaba har ya rage digirin da a ke so kafin ƙololuwa. Kullum da juyin gaba za ka tsaya, don sarƙa ba ta rasa ɗan sako-sako.
3. Ka zura distributa, bakin rota yana duban inda wayar filogi na ɗaya za ta zauna a jikin murfi. Ka tabbata ta zauna har ƙasa, kada ka danna ta da ƙarfin noti.
4. Ka sami ɗan ƙwan fitila na mota mai waya biyu. Ɗaya ka haɗa da ƙaramar wayar da ta fito daga kwayil zuwa distributa, ɗaya ka dafa a jikin inji. Ka buɗe makulli.
5. Ka murɗa jikin distributa wajen da rota ke bi har fitila ta mutu. Sa'an nan ka komo da ita sannu sannu. Daidai inda fitila ta kama, nan kwantak ya buɗe, nan tartsatsi ke fita. Ka ɗaure noti, ka kashe makulli, don in ya daɗe a buɗe kwayil ya kan yi zafi.
6. Ka jera wayoyin filogi bi da bi, kana bin juyin rota: 1, 3, 4, 2. Wannan shi ne jerin Peugeot 504 da Land Rover mai rami huɗu. Volkswagen mai inji a baya nata dabam ne: 1, 4, 3, 2.

IN AN YI KUSKURE

In wuta ta yi rigaye da yawa, za ka ji inji yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, tun ba in mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu ba. In aka ƙyale, har fistan ya kan huje. In kuwa ta makara, mota ba ta da ƙarfi, ga shan mai, ga zafi. A ƙasar Sakkwato, inda zafin bazara ya kan wuce digiri 40, injin da aka haɗa jiya ba ya jimre wannan. Kafin a kai Gwadabawa ruwan lagireto ya tafasa, kuɗin gyara ya tafi banza.

Motocin da a ke ƙerawa yanzu ba su da distributa, kwamfuta ce ke rabon wuta. Duk da haka mai haɗa injinsu ba shi da makawa sai ya nemi ƙololuwar fistan na ɗaya kafin ya ɗaura sarƙa ko bel.

Shi kuwa yaron nan, maigidansa bai zage shi ba. Ya sa shi ya toshe ramin da yatsansa, aka juya inji sau ɗaya cif, iska ta ture yatsan. Aka sake kafa distributa, aka murɗa makulli, inji ya tashi. Mai mota ya ce, "Alhamdu lillahi." Tsohon ya dubi yaro ya ce, "Gobe in ka ga shaida ta yi daidai, ka tambayi yatsanka tukuna."

TAMBAYOYI

1. Sau nawa fistan ya ke hawa kafin ya sha wuta sau ɗaya?
2. Ƙaƙa za ka rarrabe hawan matsa da hawan korar hayaƙi?
3. Don me a ke gyara ratar kwantak tun da fari?
4. In kewayen fuli santimita 45 ne, santimita nawa ne digiri 8?