Wa Ke da Iko da Gawar Baba?

Karatu: Farawa 49:29–50:14

In mahaifi ya rasu, gardama takan tashi: a birni za a binne shi ko a ƙauye? Maganar ɗan fari za a bi ko ta baffa? Dubi Yusufu. Wasiyyar Yakubu ya bi, ya kai shi kogon Makfela a Kan'ana. Duk da ikonsa a Masar, sai da ya nemi izinin Fir'auna, sa'an nan ya tafi tare da 'yan'uwansa. Gawar mahaifinka amana ce a hannunku duka. Ka cika wasiyya, ka karɓi takardar shaidar mutuwa daga hukuma, ka shawarci 'yan'uwanka. Kada kabari ya raba gida.

Addu'a: Ya Uba, ka haɗa kanmu ranar makoki, cikin sunan Yesu. Amin.