Zambo da Juriyar Ɗalibi

A 2018 Greg Lukianoff da Jonathan Haidt suka koka cewa jami'o'in Amurka sun shagwaɓa ɗalibai, har ba su iya jure maganar da ta saɓa wa ra'ayinsu. Shin haka abin yake a Birnin Kabi? A ganina da sauran magana. Wanda ya tashi yana jin makaɗan fadar Argungu suna yi wa 'ya'yan sarauta zambo a bainar jama'a bai rasa juriya ba. Tsoro ne ke kulle bakinsa. A Nuwamban 2022 an tsare wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda habaicin da ya yi wa uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, sai da ɗalibai suka yi barazanar zanga-zanga aka sake shi.