Matakan Neman Gidan Hutu a Bakin Ruwa ga Mutumin Ƙasar Gumel

Daga Gumel zuwa Maigatari, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, ƙasarmu jigawa ce, ta gero da riɗi. Tafkunanmu na damina ne, kafin bazara sun ƙafe. Wanda Allah ya hore wa hali, yana son wurin da zai kai iyalinsa su sha iskar bakin ruwa, dole ya kama hanya. Ga yadda zai bi abin.

Mataki na 1: Zaɓi ruwan da za ka iya zuwa ka dawo

In ka yi gabas ta Malam Madori, za ka faɗa Haɗeja da dausayin Haɗeja-Nguru, inda Baturiya take, wurin da tsuntsaye ke zuwa daga Turai lokacin sanyi. In ka yi yamma, akwai madatsar ruwa ta Kazaure da ta Tomas a wajen Dambatta. Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, ta fi su girma nesa ba kusa ba, amma sai ka ci kimanin kilomita 120 zuwa Kano, ka ratsa cunkoson birni, ka ƙara wajen 70 kudu. A ganina gidan da ba za ka iya tashi bayan sallar Juma'a ka isa kafin magariba ba, sau biyu za ka je shi a shekara, sauran kwanakin na jemagu ne. Shi ya sa na fi karkata ga Kazaure ko Haɗeja.

Mataki na 2: Je ka gani da damina

Nan ne gizo ke saƙa. Dillali zai so ya kai ka a Disamba ko Janairu, ruwa ya kwanta, hanya ta bushe, albasa da tumatir sun yi kore shar. Ka je, amma kada ka ba da ko kafin alƙalami. Ka koma ƙarshen Agusta ko cikin Satumba, da motarka ta kullum, ka ga ko za ta kai ka ƙofar filin.

Kana isa ka sauka ka taka da ƙafa. Dubi gindin kuka ko giginya da katangun maƙwabta: ruwa yakan bar zane, wani layi mai duhu a jikin bango, ƙasansa yaɓe ya zube. Inda layin ya tsaya, nan ruwa ya kai. Duƙa ka ɗebi ƙasar. In baƙar laka ce mai tsagewa da rani, ga ɓawon katantanwa a warwatse, to fadama kake tsaye a kai, ko da mai filin ya rantse maka tudu ne. Irin wannan ƙasa tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe, ta tsaga ginin bulo tun daga harsashi.

Sannan ka samu dattijon masunci ka tambaye shi abu ɗaya: “Baba, ina ruwa ya tsaya a 2020 da 2022?” Shekarun nan biyu ambaliya ta yi mummunar ɓarna a ƙananan hukumomin da ke bin kogin Haɗeja, irin su Ringim, Auyo da Kafin Hausa. Zai nuna maka da sanda. Ka tuna kogin nan daga Tiga da Challawa yake samun ruwa, saboda haka ko sama ba ta zubo a inda kake ba, in madatsun sun cika sun tumbatsa, ruwan zai iso ka. Ga kuma kachalla, ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin, tana karkatar da shi inda bai saba bi ba, tana kuma tara tsuntsayen jan-baki.

Mataki na 3: Gano masu haƙƙi a wurin

Bakin ruwa ba ya rasa mai shi. Akwai masunta da sarkin ruwansu, akwai masu noman rani, akwai burtali da mashayar shanu. Wanda ya ja katanga ya tare mashaya ya sayi rigimar da za ta bi 'ya'yansa. Ka fara da gaisuwa wurin mai unguwa da dagaci, ka faɗi abin da ke tafe da kai. Ka tambayi maƙwabtan kusurwa huɗu, kowa shi kaɗai. In filin na gado ne, kada ka yarda da maganar babban wa kawai, sai kowane magaji ya sa hannu, har matan da ke gidan aure.

Mataki na 4: Takardu

Dokar ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ƙaramar hukuma kuma ke ba da izinin mallaka a karkara. Takardar ciniki da shaidu da hatimin dagaci tana da amfani, amma ba ta isa ba. Ka sa lauya ya bincika a ma'aikatar ƙasa da safiyo, a Dutse in filin na Jigawa ne, a Kano in na Tiga ko Tomas ne. A gefen Tiga da Challawa ka ƙara da ofishin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, domin akwai filayen da aka biya diyyarsu tun ana gina madatsun, ba na sayarwa ba ne. Baturiya kuwa gandun gwamnati ce, ba a gini a cikinta.

Mataki na 5: Ja da baya, ka hau tudu

Gidan da zai daɗe shi ne wanda yake hango ruwa daga tudu, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa. Iskar za ta same ka, sauro ya ragu. Ɗaga harsashi, sa raga a tagogi, haƙa rijiyar burtsatse, kafa sola. Masai kuma ya yi nesa da ruwan da jama'a ke sha.

Maganar yara ta fi damuna. Yaron Gumel bai tashi da iyo ba, ruwa kuwa yana jan yaro. Kwantaccen ruwa na ɗauke da tsargiya, mai sa fitsarin jini, kuma ta fata take shiga lokacin wanka. Kifewar jirgin ruwa a Bagwai, a madatsar Watari, cikin Nuwamba 2021, wadda ta ci rayukan ɗalibai masu yawa, har yanzu tana zukatan mutane. Kada ɗanka ya shiga kwalekwale ba rigar ceto, kada ya shiga wanda aka yi wa lodi.

Mataki na 6: Gwada kafin ka biya

Ka kama hayar ɗaki a garin, ka kwana da iyalinka da rani da damina. Za ka san ko akwai sabis na waya, nisan asibiti da masallacin Juma'a, da yadda tsaro yake bayan isha'i. A nan kuma za ka gane mutumin kirkin da za ka bar wa gadi, kuma ɗan garin ya fi wanda za ka kawo daga gida.

In duk wannan ya kwanta maka, ka biya ta banki a gaban shaidu, ka sallami dillali la'adarsa, ka sa safiyo ya kafa duwatsun iyaka a makon. Allah ya sa albarka.