Amsa Tambayoyinku: Haɗa Magungunan Bugun Zuciya Biyu

Wasiƙun da suka taru a gabana yau suna da yawa, amma na zaro ɗaya na gabatar da ita, domin mas'alar da ke cikinta ba ta jiran mako mai zuwa, kuma ina roƙon wanda ya aiko ta, in yana kusa da akwatin rediyo, ya matso ya kasa kunne.

Wani bawan Allah ne daga Gusau ya rubuto, yana cewa mahaifinsa, dattijo da ya haura saba'in, ya daɗe yana shan wata 'yar ƙwaya mai suna digoksin, wadda a wasu kwalaye ake rubuta Lanoxin, saboda ciwon zuciya. Sai watan jiya aka kai shi wani asibiti a wani gari, likitan can ya rubuta masa amiyodaron, wato Cordarone, alhali ba a nuna masa tsohon kati ba. Tsoho ya ci gaba da shan duka biyun. Yanzu ga shi ya ƙi abinci, yana amai, yana fama da jiri, har yana cewa in ya dubi fitila sai ya ga rawaya-rawaya ta kewaye ta. Mai wasiƙa yana tambaya ko shawara ce, a nemo masa saƙe-saƙi.

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri. Ka ajiye zancen saƙe-saƙi, ka kai shi asibiti yau ɗin nan, kada a ba shi ƙwayar digoksin ta gaba sai likita ya duba shi, domin alamomin da ka lissafa, ɗaya bayan ɗaya, su ne waɗanda malaman ɗibbu suka ambata ga wanda digoksin ya yi masa yawa a jini.

Ga dalili. Allah cikin hikimarsa ya sanya wa zuciya wata 'yar wutar lantarki tata ta kanta, wadda take tashi daga wani gurbi a samanta ta dama, ta gangara ƙasa, ta sa ta matsa ta saki tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti guda in mutum yana hutawa. Magungunan nan biyu kuwa kowannensu aikinsa rage gudun saƙon wannan wuta ne, don haka in suka haɗu sai su zama kamar mutum biyu suna jan linzamin doki ɗaya, kowa bai san da ɗan'uwansa ba, har dokin ya tsaya cik. Ban da wannan, amiyodaron yana hana jiki fitar da digoksin yadda ya saba, sai ya taru a jini, wani lokaci har ya kusa ninkawa, ko da yake ƙwayar da ake haɗiya ba ta ƙaru ba. Shi kuwa digoksin, wanda asalinsa daga ganyen wani fure ne da wani likitan Ingila, William Withering, ya yi bayanin amfaninsa da illarsa tun 1785, tsakanin ma'aunin da yake warkarwa da wanda yake halakarwa tazarar kaɗan ce ƙwarai, musamman ga tsofaffi waɗanda ƙodarsu ta yi rauni, da masu shan maganin sa fitsari irin su Lasix, wanda yake rage gishirin fotasiyam a jini.

Kada wani ya fahimci cewa haɗa su haramun ne a ilmin likita. Ana haɗawa, amma bisa sharaɗi: likita ya san da duka biyun, ya rage digoksin, galibi zuwa rabi, ya riƙa awon jini, ya kuma sa na'urar nan da ke zana bugun zuciya a takarda. Abin da ya fi ba ni tsoro game da amiyodaron shi ne daɗewarsa a jiki, domin bayan an daina sha yakan ɗauki kusan wata biyu kafin rabinsa ya fita, saboda haka wanda ya bar shi a watan Rajab kada ya zaci ya rabu da shi a Ramadan.

In za ku tafi, ka tattara dukkan magungunan Baba cikin leda guda, da kwalayensu, da 'yan ambulan ɗin nan na kemis masu zane-zanen biro, har da na gargajiya, ka zube su gaban likita. Kafin ku fita, ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ƙasa da babban yatsa, ka ƙirga bugun na minti guda cur. In ka samu ƙasa da 50, ko ya suma, ko numfashi ya yi masa wuya, to, kada ku tsaya layi, ku nufi sashen gaggawa.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ita ma ta tambaya ko za ta iya ƙara atenolol da maƙwabciyarta ta ba ta a kan berafamil ɗin da take sha na hawan jini. Hajiya, kada ki kuskura. Waɗannan ma duka suna rage bugun zuciya, haɗa su yana iya toshe hanyar saƙon gaba ɗaya. Kuma tun da damina ta kama, ina tunatar da duk mai shan maganin bugun zuciya cewa kwinin da wasu magungunan zazzaɓin cizon sauro su ma suna taɓa wutar zuciya, wajibi ne ya faɗa wa mai ba shi magani abin da yake sha tun kafin a ɗaga allura.

Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ɗan'uwanmu na Gusau, muna jiran ka rubuto mana yadda Baba ya ƙara ji.