Neman Kalma da Tsawonta da Haruffanta: Darasi daga Allon Scrabble

Ƙamus ya saba amsa tambaya ɗaya: ga kalma, mece ce ma'anarta? Ɗan wasan Scrabble kuwa tambayarsa daban ce. Yana riƙe da haruffa bakwai, a kan allo akwai gurbi mai gida biyar ko takwas, kuma abin da yake nema shi ne kalmar da za ta shiga gurbin. Ma'ana ba ta cikin lissafinsa. Wannan maƙala za ta duba yadda ake irin wannan nema a Ingilishi, da abin da yake nuna wa ɗalibin harshe a Madawa, Buza da Keita.

Alfred Butts, Ba'amurke masanin zanen gine-gine, shi ya ƙirƙiro wasan a 1938, bayan ya ƙirga yawan fitowar kowane harafi a shafukan jarida. Daga nan ya raba maki. A zubin Ingilishi ƙwayoyi 100 ne: E guda 12, kowace maki ɗaya, Q da Z kuwa guda ɗai-ɗai, kowace maki 10.

Matakin farko na nema shi ne kasa kalmomi bisa tsawo. Ƙwararru kan fara haddace masu harafi biyu, waɗanda suka haura 100 a ƙamusun Collins, domin su ne ke ba da damar jera kalma a gefen wata. Sai masu bakwai da takwas, saboda duk wanda ya zube ƙwayoyinsa bakwai a tashi ɗaya yana samun ƙarin maki 50. Mataki na biyu ya fi jan hankali. Ana ɗaukar haruffan kalma a sake jera su bisa tsarin abacada, jerin ya zama mabuɗi. AEINRST, alal misali, mabuɗi ne guda da ke buɗe RETAINS, NASTIER, RETINAS da STAINER. Manhajojin neman kalma ma kan bi wannan dabara. Wanda ba ya da na'ura a gabansa sai ya koma ga ƙirar kalma: ya ware ɗafa-goshi irin su RE- da UN-, ko ɗafa-ƙeya irin su -ING da -ED, sannan ya juya abin da ya saura. Akwai kuma ƴan kalmomin da ake ajiyewa don ranar ƙunci, wato masu Q ba tare da U ba, kamar QI da QADI. Ta biyun ma ƴar gida ce: daga Larabci ta fito, tushensu ɗaya da alƙali.

Shekarar 2015 ta nuna iyakar wannan fasaha. A watan Yuli, Nigel Richards na ƙasar Niyuzilan ya lashe gasar duniya ta zubin Faransanci a Beljiyam, alhali ba ya jin Faransanci. Ƙamusun wasan ya haddace. A Nuwamba kuma Wellington Jighere na Nijeriya ya ɗauki kambin duniya na Ingilishi a birnin Perth, ya zama ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Ga mai nazarin harshe, nasarar Richards ita ce abin lura: ana iya mallakar siffar rubutacciyar kalma sarai ba tare da an taɓa nahawu ko ma'ana ba.

To, mene ne tsawon kalma? A wasan, harafi ake ƙirgawa, sauti ba ya shiga. THROUGH haruffa bakwai ce, sautukanta uku. STRENGTHS haruffa tara ce a gaɓa ɗaya tak, abin da tsarin gaɓar Hausa ba zai ɗauka ba. Ba sai an je Ingila ba kafin a ga wannan rata. Allon bakin hanya yana cewa Madaoua da Bouza, mu kuwa a ƙa'idar Hausa Madawa da Buza muke rubutawa. Garin bai canja ba, furucin ma haka, amma harafi ɗaya ya faɗi a kowanne, don Faransanci da haruffa biyu yake rubuta abin da muke rubutawa da u ko w. Tahoua ma idan ta koma Tawa, biyu take zubarwa.

Tun da dokar 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki, ɗalibinmu zai riƙa kai-kawo tsakanin tsarin rubutu uku. Gwada rubuta Hausa da ƙwayoyin Faransanci ya isa darasi. K guda ɗaya ce a jakar, makinta 10, W ma haka, don baƙi ne a harshen. Ke nan kaka, kuka da wawa ba su rubutuwa sai da taimakon farar ƙwaya. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, ga kuma Q da V da X zaune ba aikin yi.

Ko da an sassaƙa wa Hausa nata ƙwayoyin, da sauran rina a kaba. Shin sh da ts ƙwaya ɗaya za su hau ko biyu? Ƴ ta Nijar harafi ɗaya ce, a Nijeriya kuwa 'y ake rubutawa. Tsawon wasali da karin sauti ba sa fitowa a rubutun yau da kullum, don haka gari na mazauni da gari na tuwo za su faɗa ƙarƙashin mabuɗi ɗaya. Sannan ga karin harshe. A Adar, wanda Bernard Caron ya yi wa Hausarsa littafi a 1991, ana cewa hwari da tahi inda daidaitacciyar Hausa ke da fari da tafi. Hwari biyar ce, fari huɗu. Wace za a karɓa a kan allo? A ganina ƙamusun wasan da ya kori hwari ya kori ɗan Keita daga wasan, kuma ƙamusun Bargery na 1934, da ya tattaro kalmomin karuruwa da dama, ya nuna ana iya haɗa su wuri ɗaya.

Ga aikin da ya rage wa ɗalibai: a ɗauki shafi biyar na rubutun Hausa, a ƙirga kowane harafi kamar yadda Butts ya yi, sau ɗaya ana ɗaukar sh da ts a matsayin harafi guda, sau ɗaya ana raba su. Daga nan a faɗi ƙwaya nawa a za ta samu cikin 100, da harafin da ya cancanci maki 10.